Jiran iska ta kwanta: yadda hoton duniyoyi ya daina dishi-dishi

A daren 19 ga Yulin 2009, Anthony Wesley, wani ɗan Ostireliya mai kallon sama don sha'awa, ya hangi baƙin tabo kusa da ƙuryar kudu ta Jupiter, wadda malaman falaki na da ke kira Mushtari. Daga gidansa da ke Murrumbateman ya gan shi, da na'urar hangen nesa mai madubin da faɗinsa bai kai santimita 40 ba. Cikin 'yan kwanaki hukumar NASA ta tabbatar cewa wani abu ne daga sararin samaniya ya faɗa wa duniyar. Kafin na'urar bayan gida ta iya irin wannan gani, sai da aka shafe ƙarnuka ana fama da matsala guda, wato iskar da ke tsakanin madubi da abin da ake kallo.

Isaac Newton ya riga ya bayyana matsalar a littafinsa Opticks, inda ya nuna cewa iska ba ta daina rawa, kuma komai kyan madubi ba zai kawar da wannan rawa ba, sai dai a nemi ƙololuwar tsaunuka. Iska mai ɗumi da mai sanyi suna cakuɗa, kowace tana karkatar da haske daban, kamar yadda kwalta ke kaɗawa a ido da tsakar rana. Don haka masu kallo na ƙarni na 19 sukan zauna sa'o'i suna jiran ƙiftawar da iska za ta kwanta, su yi maza su zana abin da suka gani.

Wannan hanya tana da haɗari, domin ido yakan cike giɓi da abin da zuciya ke so. A 1877 Giovanni Schiaparelli ya zana siraran layuka a fuskar Mars. Percival Lowell, wanda ya gina ɗakin kallo a Flagstaff a 1894, ya ɗauke su magudanan ruwa da wasu halittu suka haƙa. A 1909 Eugène Antoniadi ya duba da babbar na'urar Meudon a Faransa, ya tarar da tabo-tabo ne rarrabe, ba layuka ba.

Kyamarar da ma ba ta kawo sauƙi ba. Farantin hoto yana buƙatar a buɗe masa haske na tsawon lokaci, iska kuwa tana sauya siffa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, sai hoton ya fito a dagule. A 1978 David Fried ya lissafa yiwuwar dacewa da hoto mai kaifi idan aka taƙaita lokacin ɗauka ƙwarai. Amfanin lissafin ya iso hannun talaka a farkon shekarun 2000, lokacin da masu sha'awa suka cire gilashin kyamarar kwamfuta mai araha, irin Philips ToUcam, suka ɗora ta a bakin na'urarsu. Sai a ɗauki bidiyo mai dubban hotuna, manhajar kyauta ta RegiStax, wadda Cor Berrevoets na Holan ya rubuta, ta zaɓi masu kaifi ta jera su bisa juna. Jera hoto 100 yana rage gurɓatar hoto ninki goma. Kusantowar Mars a Agustan 2003 ta yaɗa dabarar a duniya.

Daga wannan tarihi ne tsarin gano laifin hoto ya fito. Mai gwaninta yakan fara zargin iska kafin kyamara. Yakan fitar da na'ura da wuri don madubi ya huce, ya guji kallo ta saman rufin da ya sha rana, ya jira duniyar ta hau sama sosai. Bayan haka sai ya duba daidaiton madubai da saitin kaifi. Bidiyon Jupiter ba ya wuce 'yan mintoci, domin tana kammala juyawa cikin ƙasa da sa'a goma. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suna da rabo a nan, tunda duniyoyi kan bi ta saman kai. Cebu ta Filifin, inda Christopher Go ke ɗaukar fitattun hotunansa, tana kusan layi ɗaya da Kano.

Kuskuren Lowell kuwa bai mutu ba, ya koma cikin manhaja ne. Idan aka matsa wa hoto kaifi fiye da kima, zobba da ɗigo na ƙarya kan bayyana. Maganin shi ne shaida ta biyu. A ranar 3 ga Yunin 2010, Wesley ya ga walƙiya ta kusan daƙiƙa biyu a jikin Jupiter. Abin da ya sa masana suka karɓe ta shi ne, Go ma ya kama ta a bidiyonsa a daidai lokacin, daga nisan dubban kilomita.