Ramin Ƙarya: Tarihin Van Meegeren, Gwanin Jabun Zane na Ƙasar Holan

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan babu gardamar da ta fi yawa tsakanin masu sha'awar zane kamar ta rarrabe aikin hannun mutum da na na'ura. Mutum zai fito a intanet da suna na aro da hoton fuska na aro, ya baje zane-zane masu ɗaukar ido, ya ce nasa ne, alhali kuwa ko dai sato su ya yi daga wani, ko kuma kwamfuta ce ta ƙaga masa su cikin minti ɗaya. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar wannan sabuwar fitina ce. Ni kuwa a ganina tsohuwar cuta ce ta sake riga. Don haka na ga ya kyautu in kawo wa 'yan ƙungiya tarihin wani mutumin ƙasar Holan mai suna Han van Meegeren, wanda ya yi wasa da hankalin manyan masana zane na Turai kusan shekara goma, don mu ga ta inda ya shige su, da kuma ta inda asirinsa ya tonu.

Wane ne shi?

An haifi van Meegeren a garin Deventer a 1889. Ya fara karatun tsara gine-gine a Delft, sa'an nan ya watsar ya rungumi zane. Hannunsa ba laifi, har ya kan sami ciniki wajen masu kuɗi da ke son a zana fuskokinsu. Amma masu sharhi a jaridu ba su ɗauke shi a bakin kome ba, suna ganin kwaikwayon mutanen da kawai ya iya. Daga baya ya riƙa cewa wannan raini ne ya tunzura shi ya ɗau fansa.

Wanda ya zaɓa ya yi wa sojan gona shi ne Johannes Vermeer, mutumin Delft, wanda ya rayu daga 1632 zuwa 1675. Zaɓin nan ba na banza ba ne. Zane-zanen Vermeer da aka sani ba su wuce talatin da 'yan kai ba, tarihin rayuwarsa kuma cike yake da giɓi. Duk inda aka sami giɓi a tarihi, to, an sami ƙofar da maƙaryaci zai shiga.

Yadda ya haɗa jabun

A 1932 ya ƙaura zuwa Roquebrune a kudancin Faransa, ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje. Babbar matsalarsa ita ce fentin mai ya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya ƙeƙashe sarai. Masu bincike na lokacin su kan jiƙa auduga da sifirit su goga a gefen zane. In fentin ya narke, sabo ne, in ya tsaya, tsoho ne. Van Meegeren ya gano cewa in ya kwaɓa launukansa da wani irin ƙaro na masana'anta, wanda ake yin robar Bakelite da shi, sa'an nan ya gasa zanen a tanda da wuta sama-sama, fentin zai yi tauri kamar wanda ya shekara ɗari uku.

Bai tsaya nan ba. Ya kan sayi tsohon zane na gaske na ƙarni na 17, mai araha, ya kankare hoton da ke kai, ya yi nasa a kan tsohon ƙyallen. Launukansa kuma irin na mutanen da ne: fari daga darma, shuɗi daga wani dutse mai tsada da ake niƙawa. In ya gama gashi sai ya naɗe ƙyallen a jikin wani abu mai kama da ganga don fentin ya tsattsage, ya bi tsagogin da baƙar tawada don su yi kama da dattin shekaru. Watau duk tambayar da ya san za a yi wa zanen, ya riga ya tanadi amsarta.

Tarkon da ya kama malami

To, amma gwanintarsa ta gaske ba a tanda take ba, a sanin zuciyar mutane take. A lokacin akwai wani dattijo, Abraham Bredius, wanda in ya ce zane na Vermeer ne, magana ta ƙare. Wannan malami ya daɗe yana da ra'ayin cewa Vermeer ya yi zane-zanen addini bisa salon mutanen Italiya, kuma wata rana za a gano su. Sai van Meegeren ya zana masa daidai abin da yake jira: wani labari na Linjila inda ake nuna Annabi Isa, alaihissalam, yana cin abinci da almajirai a ƙauyen Emmaus.

Bai kai zanen da kansa ba. Ya sami wani lauya mai mutunci, Gerard Boon, wanda ya taɓa zama ɗan majalisa, ya shara masa labari cewa zanen na wani tsohon gida ne da ke zaune a Italiya, suna so su sayar a asirce don tsoron gwamnatin Musolini, saboda haka ba za a faɗi sunansu ba. Mai karatu ya lura da wannan da kyau, don shi ne kakan shafin bogi na yau: mai kaya wanda ba a gani, da dalili mai ban tausayi na hana a tambaya.

A 1937 Bredius, yana ɗan shekara 82, ya duba zanen, ya rubuta a mujallar Burlington ta Ingila cewa wannan ba na Vermeer ne kawai ba, har ma shi ne gangariyar aikinsa. Wakilin wani babban dillali, Duveen, ya gan shi a Faris ya aika wa maigidansa waya cewa jabu ne, amma wa zai saurari yaron dillali bayan shaihin malami ya yi magana? Aka tara gilda 520,000 aka saye shi aka kai gidan tarihi na Boijmans a Rotterdam, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Daga nan sai abin ya zama wasa. Duk sabon jabun da ya fito, da na Emmaus ake auna shi, tun da shi ne ya zama ma'auni. Ƙarya ta zama mai shaidar ƙarya. Ayyukansa na baya-baya har sun fi na farko muni, don ya daina ba su lokaci, amma aka ci gaba da saye, musamman da Jamus ta mamaye Holan a 1940, masu kuɗi na neman inda za su adana dukiyarsu, wasu kuma na gaggawar saye don kada kayan tarihin ƙasa su faɗa hannun Jamusawa. Mai gaggawa kuwa ba ya bincike.

Rana ɗaya ta mai kaya

Abin mamaki, ba masana ne suka kama shi ba. A 1943 ɗaya daga cikin jabun, mai nuna labarin matar da aka kama da zina, ya bi ta hannun wani dillali Bajamushe, Alois Miedl, ya isa ga Hermann Goring, na hannun daman Hitila, wanda ya ba da wasu zane-zane fiye da ɗari a madadinsa. Da yaƙi ya ƙare aka sami zanen cikin dukiyar Goring, aka bi takardun ciniki daga hannu zuwa hannu, sai sawu ya tsaya a ƙofar van Meegeren a Amsterdam. Ran 29 ga Mayu, 1945, aka kama shi, ba da laifin jabu ba, da laifin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa. Aka tambaye shi inda ya samo zanen, ya rasa amsa, don gidan nan na Italiya babu shi.

Da ya ga laifin cin amanar ƙasa na iya kai shi ga halaka, sai ya zaɓi ƙaramin laifi. A watan Yuli ya ce shi ya zana shi, shi kuma ya zana na Emmaus. Aka ƙi yarda! Sai da aka kawo masa kayan aiki ya zana wani sabo a gaban shaidu. Aka kuma naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani masanin kimiyya ɗan Beljiyam, Paul Coremans. Suka sami ƙaron nan na Bakelite a cikin fentin, abin da ba a ƙirƙiro ba sai 1907. Suka sami ɓurɓushin wani shuɗi da ba a san shi ba sai farkon ƙarni na 19. Na'urar hoton ƙashi ta nuna ragowar tsofaffin hotunan da ya kankare, dattin tsagogi kuma ya tabbata tawada ce. A watan Nuwamba 1947 kotu ta ɗaure shi shekara ɗaya, amma ciwon zuciya ya kashe shi ran 30 ga Disamba, bai shiga kurkuku ba.

Duk da haka wani attajiri, van Beuningen, wanda ya zuba kuɗi mai yawa a ɗaya daga cikin zane-zanen, ya ƙi yarda, har ya kai Coremans ƙara, ya rasu a 1955 yana kan bakansa. Sai a 1967 masana a Pittsburgh ta Amurka suka rufe bakin gardama. Farar darma tana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa da rabi duk shekara 22. Da suka auna shi suka tarar da shi da yawan da ba zai yiwu a samu a fentin shekara ɗari uku ba.

Akwai kuma jabu na ƙarshe da ya bari, watau labarin kansa. Mutanen Holan sun ɗauke shi jarumin da ya damfari Goring ya kunyata masu girman kai. Binciken da Jonathan Lopez ya buga a 2008 ya nuna tun shekarun 1920 yake harkar jabu don kuɗi, kuma yana da ra'ayin 'yan Nazi. An ma sami littafin zane-zanensa a fadar Hitila da rubutun sadaukarwa a ciki.

Mu da zamaninmu

Wanda ya dubi zanen Emmaus yau zai yi mamakin yadda aka ruɗu, don fuskokin sun fi kama da na 'yan wasan siliman shekarun 1930 fiye da mutanen Vermeer. Mutanen lokacin ba su ga haka ba, don idonsu ya saba da irin wannan kyau. Ashe jabu ya kan sa rigar zamaninsa, 'yan zamanin kuwa su ne na ƙarshen ganewa.

Haka muke a yau da hotunan ƙirƙirarriyar basira. A 2022 Jason Allen ya ci gasar zane a bikin jihar Kolorado da hoton da ya haɗa da Midjourney. A 2023 Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony, sa'an nan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce na'ura ce ta yi hoton. A shekarar nan dai dubban mutane suka gaskata hoton Fafaroma Faransis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi. A 2024 kuma abin ya juye: Miles Astray ya shigar da hoton tsuntsu na gaske a rukunin hotunan na'ura, alƙalai suka ba shi lambar yabo. Ido ya kasa ta nan, ya kasa ta can.

An yi yayin ƙirga yatsu, don da farko na'ura ta kan yi wa mutum yatsa shida. Wannan gwaji ɗan'uwan audugar sifirit ne: da zarar an san shi, za a tanadi amsarsa, kuma an riga an tanada. Abin da bai tsufa ba shi ne abin da ya kama van Meegeren, watau bin salsala. Wa ya fara fito da wannan zane, kuma yaushe? Mai shafin yana da tsofaffin ayyuka da ke nuna hannunsa na ƙwarewa sannu a hankali, ko kuwa dare ɗaya ya tashi gwani a salo goma? Zai iya nuna zanen gwaji da matakan aikin? In an saka hoton a manhajar binciken hoto, ba ya fitowa da sunan wani tun shekarun baya? Akwai wanda ya san mutumin ido da ido? In kuwa aka ce kada ka tambaya, ko aka ce yi sauri kafin wani ya riga ka, to, ka tuna da gidan nan na Italiya.

Sai dai a yi hattara. Tambaya daban, yanke hukunci daban. Ɗora wa mai zane na gaskiya laifin sata ba tare da hujja ba zalunci ne da ke iya karya masa sana'a. Van Meegeren kansa sai da aka ba shi buroshi aka ce nuna mana.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Marubuta waƙoƙinmu na ajami sun saba rufe waƙa da sunansu da shekarar da suka yi ta cikin ramzi, malamanmu kuma ba sa barin mu jingina wa wani mawaƙi waƙa sai mun faɗi inda muka samo ta da hannun da ta biyo. Wannan tarbiyya ita nake roƙon mu ɗauka mu shiga da ita intanet, mu kuma riƙe ta ga duk abin da aka aiko wa wannan mujalla tamu. Bredius ya fi mu ilimi nesa ba kusa ba, abin da ya kayar da shi kuwa shi ne an kawo masa abin da ransa ke so. Saboda haka duk hoton da ya zo daidai da abin da muke fata, shi ya fi cancanta mu tsananta wa tambaya. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya ne, amma na van Meegeren sai da ya ci shekara takwas da miliyoyin gilda kafin a ga ƙarshensa. Allah ya ba mu basirar tambaya, amin.