Rigakafin Birkicewar Yara Yayin Farfaɗowa Bayan Tiyatar Ido: Bitar Hanyoyin da Aka Gwada

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi ayyukan da aka wallafa kan birkicewar da yara ke yi yayin farfaɗowa daga maganin sa barci bayan tiyatar ido. An gano cewa magani da shirya yaro kan rufe ido tun kafin ranar aiki duk suna rage birkicewar.

Gabatarwa

Tun a 1961 Eckenhoff da abokan aikinsa suka bayyana wannan hali. Yaro kan farka yana ihu da shure-shure, bai gane mahaifiyarsa, rarrashi kuma bai tasiri. An fi ganinsa ga 'yan shekara 2 zuwa 5, cikin minti 30 na farko, musamman bayan an shaƙa musu sebofuluren, iskar da ke barin jiki da sauri. Yakan lafa da kansa, amma kafin nan yaro na iya cire bandeji, ya murje idon da aka ɗinke, ko ya fizge allurar ƙarin ruwa.

Ma'auni

Mafi yawan masu bincike na amfani da ma'aunin Sikich da Lerman na 2004. Abubuwa 5 yake dubawa: haɗa ido da mai jinya, motsi mai manufa, sanin inda ake, rashin natsuwa da ƙin rarrasuwa. Kowanne na da maki 0 zuwa 4, jimla 20. Sai dai na farkon yana da wuyar aunawa ga yaron da aka naɗe wa ido.

Sakamako

A 2007 Aouad da abokanta sun yi gwaji a Bairut kan yara 80 da aka yi wa gyaran harara-garke. Miligiram 1 na furofofol ga kowane kilo, a ƙarshen aiki, ya sauko da birkicewa daga kashi 47.2 zuwa 19.5 cikin ɗari, ba tare da jinkirta sallama daga ɗakin farfaɗowa ba.

Bitar Dahmani ta 2010 ta nuna amfanin furofofol, ketamin, fentanil da dangin deksmedetomidin, amma ba ta sami irin wannan amfani ga midazolam ba.

A 2018 Lin da abokansa a Guangzhou ta ƙasar Sin sun bi wata hanya dabam: rufe wa yaro idon da za a cire wa yana na tsawon sa'o'i, kwana ɗaya kafin aiki. Birkicewa ta ragu da fiye da rabi.

Tattaunawa

Sakamakon Lin ya nuna cewa duhun da yaro ke tarar da kansa a ciki na daga cikin musabbaban matsalar. Ta fuskar magani kuwa akwai buƙatar lura. Deksmedetomidin na rage bugun zuciya, jan tsokar ido ma haka yake yi, don haka dole a sa ido kan na'urar auna bugu. Haka nan wajibi ne a fara kawar da zaton ciwo ko ƙarancin iskar oksijin kafin a ce birkicewa ce.

Kammalawa

Ana ba da shawarar matakai uku: saba wa yaro da rufe ido, kashe ciwo sosai, da ba da furofofol a ƙarshen aiki. Na farkon bai buƙatar komai sai bandeji da haɗin kan iyaye, saboda haka ko asibiti mai ƙarancin kayan aiki zai iya aiwatar da shi.