Wankin injin mota: yadda ake yi ba tare da an jawo wa kai asara ba

Shekarata ta farko a Legas, ina yaron wankin mota a wani fili da ke kusa da kasuwar Agege, na kashe wa wani bawan Allah mota da hannuna. Ya kawo Corolla ya ce a wanke har inji, saboda washegari zai kama hanyar gida bikin ƙaninsa. Na ɗaga bonet, inji yana ta huci, na saita masa bakin injin feshi kamar ina wanke taya. Da na gama sai ƙyalli yake yi. Mutumin ya shiga ya murza makulli, mota ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, can sai ta mutu. Kwana biyu ana fama da ita, aka canja kwayil biyu, maigidana ya biya, ni kuma aka yi ta cira a cikin ladana har wata uku. Bikin dai mutumin bai samu ba.

Yanzu ina da wurin wankina, kuma har gobe ina ganin yaranmu da suka sauko daga Arewa suna maimaita wannan gyaran gangar Auzinawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, don mai mota da mai wankin duka.

Da farko, wai dole ne a wanke inji? Gaskiya ba dole ba ne kamar canjin baƙin mai. Ƙurar da ta kwanta a saman inji ba ta hana mota tafiya, kuma maganar da ake yawan yi cewa dattin jikin inji ne ke sa mota zafi, rabinta ne kawai gaskiya. Abin da ke sa zafi shi ne laka da ganye da ledar fiya wata da suka toshe gaban lagireto, iska ta kasa ratsawa, musamman idan ka maƙale a cunkoson Apapa ko na Mile 12 da tsakar rana. Amma maiƙo wani abu ne daban. Baƙin mai idan ya daɗe a kan roba yana jiƙa ta, ta kumbura ta yi laushi: tiyon ruwa, robar da inji ke zaune a kanta, fambel. Fambel da ya sha mai zai riƙa zamewa yana kuka, batir ya daina samun caji yadda ya kamata. Man da ke ɗiga a kan bakin salansa kuwa shi ne wannan ƙaurin da kake ji a cikin mota, kuma idan ya yi yawa yana iya kama wuta. Sannan babban dalili: injin da ya yi baƙi ƙirin, ko makanike mai ido huɗu ba zai gane ta inda yake yoyo ba.

Mu da ke Kudu muna da namu ƙarin. Damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba ana shiga ruwa ana fita, jar laka tana fallatsa har ƙarƙashin bonet. Idan ka je gida Sallah da rani ka kwaso ƙura, ka dawo ta haɗu da laima da maiƙo, sai ta zama wani abu kamar kwalta. A gefen teku iskar gishiri tana cin kan batir da bakin wayoyi. 'Yan'uwanmu na Fatakwal kuma ga baƙin tozon hayaƙin nan da suke fama da shi tun wajen 2016. Masu ɗaukar tumatir da albasa da hatsi su ma sun san aikin ɓera: ya shiga ya yi gida a lungun inji, ya ci waya. A ganina sau biyu a shekara ya isa, ɗaya bayan damina ta ɗauke, ɗaya bayan doguwar tafiya. Wanda ke wanke inji duk mako, kuɗinsa yake zubarwa, kuma wata rana zai gamu da ranarsa.

Maganar fetur

Bari in tsaya a nan, don nan ne rai yake. A garejoji da yawa fetur ake zubawa a gwangwani a shafa da buroshi, saboda yana narkar da maiƙo nan take. Kada ka yi, kada ka bari a yi wa motarka. Ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi kwata ya tafi. Mai shayi yana can gefe da risho, ko wani ya ƙyasta ashana, ko sifana ta taɓa kan batir ta yi tartsatsi, shi ke nan. Kananzir da gas ba su da saurin kamawa irin na fetur, shi ya sa na yarda a ɗan jiƙa tsumma da kananzir a goge ƙarfen da giris ya daskare a kai, amma ban yarda a watsa shi ko'ina ba, domin shi ma yana lalata roba, kuma yana barin wani maiƙo da ƙura ke bi.

Abin da ya fi shi ne ruwan narkar da maiƙo da ake sayarwa a gwangwanin feshi ko a galan. Ana samunsa a Ladipo, a Nkpor kusa da Anaca, da shagunan kayan mota na kowane gari. Ka karanta jikinsa, ka tabbata an rubuta ba ya cin alminiyom. In babu, sabulun ruwa na wanke kwanuka a ruwan ɗumi yana aiki, sai dai ka ƙara haƙuri da dirza. Wanda nake hana yarana taɓawa shi ne soda mai ƙuna, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Injinan yanzu kansu da murfinsu alminiyom ne, soda tana cin sa ta bar fari-fari da ba ya fita, ga ta da cin hannu.

Sauran kayan ba su da yawa: buroshin fenti, tsohon buroshin haƙori don lunguna, leda da robar ɗauri, tsummokara masu yawa, sifana mai lamba 10, safar hannu. Safar nan kada a raina ta. Baƙin man da ya yi aiki a inji ba abin da za ka bar shi yana kwana a fatarka kullum ba ne, an daɗe da gano cewa yawan hulɗa da shi yana jawo cutar fata, har da daji.

Kafin ruwa ya taɓa komai

Ka bar inji ya huce har ka iya ɗora tafin hannunka a kansa ka bar shi. Inji mai aiki ruwansa yana kaiwa wajen digiri 90, bakin salansa kuwa ɗaruruwa. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi yana iya tsaga shi, sabulun kuma zai bushe kafin ya yi aiki. Ɗan ɗumi kaɗan ba laifi, yana ma taimakawa wajen sakin maiƙo. Da safe kafin a fita shi ne lokacin da ya fi.

Sai ka kwance kan batir, baƙin, mai alamar ragi, shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe. Ka sani wasu motocin rediyonsu zai nemi lambar sirri bayan haka, agogo zai ɓace, wata ma sai ta ɗan yi tafiya kafin silo ɗinta ya daidaita. Wannan ba lalacewa ba ce.

Yanzu rufi. Altaneta, akwatin fiyus, kan kwayil da fulogi, bakin da inji ke shaƙar iska, da ƙwaƙwalwar mota idan tata a gaba take. Tsofaffin motoci masu kafireto da distiributa, su ma a ɗaure su da leda tam. Bakin iskar nan ka kula da shi fiye da komai: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga cikin silinda da yawa aka tayar, yana lanƙwasa ƙarfen fistin, kuma daga nan sai maganar sauke inji. Ka duba murfin baƙin mai da na man burki da sandar gwada mai, duk su zauna daidai.

Motar da ke haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, za ka ga wayoyi masu kauri launin ruwan lemo. Wutar da ke cikinsu tana kisa. Irin wannan tsumma kawai nake sa wa, nesa da wayoyin.

Wankin kansa ba shi da wani sirri. Ka fara share busasshen datti da buroshi, ka kwashe ganyen da ke ƙasan gilashin gaba inda ruwa ke bi. Ka fesa sabulu daga ƙasa zuwa sama, ka ba shi minti biyar zuwa goma, kada ka bari ya bushe. Ka dirje inda ya yi kauri. Ka ɗauraye da tiyo mai sakin ruwa a hankali, ko ma da buta. Inda bai fita ba ka sake, sau biyu a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi.

Injin feshi shi ne abin da ya kashe Corollar can. Bakin wayoyin mota an yi musu roba da za ta tare ruwan sama da fallatsin hanya, ba a yi ta don ruwan da ke fita da ƙarfin da zai ɓare fenti ba. Ruwan yana kutsawa ramin fulogi ya kwanta, wuta ta riƙa tsallakewa, inji ya yi ta ɓari. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, ɗanyen fetur yana wucewa salansa ya ƙona abin nan da makanikai ke kira indomi, wanda kowa ya san tsadarsa. Lagireto ma siraran haƙarƙarinsa lanƙwashewa suke yi da matsin ruwa. Shi da tiyo ake wanke shi, in da hali daga baya zuwa gaba, don dattin ya koma ta inda ya shigo.

Kan batir idan ya yi wannan fari da kore, ɗan ruwan kanwa ko bekin soda a buroshin haƙori zai sa ya yi kumfa ya saki. Kada ya shiga cikin batirin. Ka goge, ka ɗaure, ka shafa ɗan giris a kai.

Bayan ɗauraya ka cire ledojin, ka tsane ruwa da tsumma. In akwai mai faci kusa, ka roƙe shi ya busa maka iska a lunguna da bakin wayoyi. Ka bar bonet a buɗe kamar awa ɗaya, sannan ka mayar da batir ka tayar, ka bar ta tana aiki minti goma sha biyar. Ɗan tururi da zai tashi ba komai ba ne. Idan kuwa tana rawa ko fitilar inji ta kama, ka kashe, a zare kwayil a busar da ramin, galibi iyakar abin ke nan. Kada ka yi ta taka totur wai don ta ware.

Akwai masu shafa baƙin mai ko man taya a kan robobi don inji ya yi sheƙi. Kwana uku ne ya koma ya fi da.

Inda amfanin yake

Da inji ya fita tas, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Da safe launin ɗigon zai ba ka labari. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, yawanci man giya ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai barin farin busasshen tabo, ruwan lagireto ne. Mai haske kamar man gyaɗa a kusa da taya ko ƙarƙashin tukunyar burki, man burki ne, kuma wannan ba a kwana da shi. Idan ka rasa ta inda yake fitowa, ka barbaɗa hodar jiki a inda kake zato, ka yi tafiyar yini, man zai zana maka hanyarsa a kan hodar. Sau da yawa gaskit ɗin murfin sama ne, gyaran da ba ya cin kuɗi, amma saboda datti sai a ce maka a sauke inji.

Ka kuma goge wurin da aka buga lambar inji ka san inda take. Wanda ya taɓa tsayawa a shingen bincike tsakanin Ore da Lokoja ana neman lambar a cikin maiƙo da fitilar waya ya san abin da nake nufi.

Wannan ilimin yana da baya kuma. Idan za ka sayi tokumbo ko ta hannu, ka ga injin an wanke shi fes har yana ƙamshi, kada ƙyallin ya ruɗe ka. Mai yiwuwa tsabta ce, mai yiwuwa yoyo aka ɓoye. Ka ce a tayar a bar ta tana aiki rabin awa, a zagaya da ita, ka dawo ka leƙa ƙasa da fitila, kai da makanikenka, ba na mai sayarwa ba.

Sai ruwan da ya fito daga wankin. A unguwanninmu, ko Sabon Ibadan ko Idi-Araba ko Ama Hausa ta Owerri, kwata ɗaya muke sha da masu gari, wasu gidajen ma rijiya suke amfani da ita. Maiƙon da ka sako yau gobe yana ƙofar wani, kuma ƙaramin abu irin wannan ya isa ya haɗa mai wanki da maƙwabta ko da jami'an tsabtar muhalli. Ni abin da nake yi, ina goge mafi yawan maiƙon da tsumma tun kafin in sa ruwa, in shimfiɗa kwali da yashi ko dusar katako a ƙasa su tsotse sauran, in kwashe in ɗaure a buhu. Tsummokaran da suka sha mai kuma ba na tara su a ɗakin da yara ke kwana, a tsohuwar garwa mai murfi nake zuba su, can waje nesa da janareto.