Tarihin Baka Mai Gargare da Gasar Harbi a Ƙasar Amurka

Sa'ad da bindiga ta game duniya, mutane sun ɗauka zamanin baka da kibiya ya wuce ke nan har abada, kuma zatonsu bai rasa hujja ba, domin ko a ƙasarmu, inda 'yan bakan jama'ar Shehu suka karya baraden Gobir a Tafkin Kwatto cikin shekarar 1804, ba a yi wani dogon zamani ba sai da kwari ya koma ratayen Sarkin Baka da tsirarun maharban daji. Abin al'ajabi kuwa shi ne, ƙasar da ta raya baka bayan ya kusa bin hanyar magabata, har ta sake masa ƙirar da masu sassaƙa shi na da ba za su shaida shi ba, ita ce Amurka, wadda babu ƙasar da ta kai ta yawan bindigogi a hannun jama'a.

Mafarin al'amarin wasu 'yan'uwa biyu ne, Maurice da Will Thompson, waɗanda suka rungumi farauta da baka bayan yaƙin basasar ƙasar. Babban ya wallafa littafi a kai cikin 1878, shekara na zagayowa aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa, aka yi gasar farko a Shikago. Amma wanda ya hura wa sana'ar rai na haƙiƙa wani bawan Allah ne da ake kira Ishi, mutum na ƙarshe da ya saura daga ƙabilar Yahi ta jajayen Indiyawa, wanda yunwa da kaɗaici suka fito da shi daga duwatsun Kalifoniya cikin 1911, bayan baƙin da suka mamaye ƙasar sun ƙarar da danginsa. Aka ajiye shi a gidan tarihi na jami'a a San Faransisko, aka haɗa shi da wani likita, Saxton Pope, don ya duba lafiyarsa, sai ga shi likita ya koma almajiri, majinyaci ya zama malami. Daga wurinsa Pope ya koyi zaɓen itace da miƙar da kyauro a bakin wuta, da kiran dabba, da yadda ake sanɗa har a kusanci barewa ba ta ankara ba. Ishi ya rasu da tarin fuka cikin 1916, Pope da abokinsa Art Young suka ci gaba, kuma littafin da Pope ya fitar a 1923 ya ja hankalin samari masu yawa. Jihar Wiskonsin ce ta fara keɓe wa masu baka lokacin farauta nasu na daban cikin 1934, sauran jihohi suka biyo sawu, wani maƙeri a Mishigan mai suna Fred Bear kuma ya mai da ƙirar baka babbar masana'anta.

Sai dai baka na asali yana da wata illa wadda duk wanda ya taɓa ja ya san ta. Gwargwadon yadda aka ja tsirkiya, gwargwadon yadda nauyinta ke ƙaruwa, ta yadda a daidai lokacin da maharbi ya fi bukatar natsuwa don ya yi bara, a lokacin ne damtsensa ya fi shan wahala, har ya soma makyarkyata. Ga kuma barewar ƙasar mai saurin firgita, wadda da ta ji ƙarar tsirkiya sai ta noƙe kafin kibiya ta iso. Wannan ne ya dami wani mafarauci a jihar Misuri, Holless Wilbur Allen, mutum mai son ƙwaƙulen na'urori, har ya ɗauki zarto ya yanke kunnuwan bakansa biyu, ya ɗaura wa kowane gefe gargare, ya zagaya igiyoyi ta kansu. Bayan gwaje-gwaje masu yawa ya gano sirrin abin, wato a huda gargaren a gefe maimakon tsakiya. Idan aka yi haka, sai nauyin ja ya kai matuƙarsa tun hannu yana rabin hanya, sa'an nan gargaren ya kifa, nauyin ya sauka farat ɗaya, maharbi ya riƙe tsirkiya a gefen bakinsa cikin sauƙi, alhali kuwa ƙarfin yana nan ajiye a fikafikan bakan yana jiran a saki. A bakunan yau, wanda ya ja fam 70 yana iya samun kansa riƙe da fam 14 kacal, kibiyar kuma ta tashi da gudun da ya haura mita 90 a daƙiƙa.

Allen ya nemi takardar mallakar fasaharsa cikin watan Yuni na 1966, aka ba shi a watan Disamba na 1969, kuma wani maƙerin baka na Kalifoniya, Tom Jennings, shi ne ya fara yarda da shi ya shiga ƙera irinsa don kasuwa. Dattawan sana'a sun yi ƙyamarsa ƙwarai da fari, suna ganin bidi'a ce da za ta zubar da mutuncin harbi, har ƙungiyar da ke ajiye kundin manyan namun da aka harba da baka, wadda aka kafa a 1961 da sunan Pope da Young, ta daɗe tana ƙin rubuta dabbar da aka kashe da bakan da ke rage nauyi fiye da kashi 65 cikin ɗari. Ni dai a ganina tsoronsu yana da tushe, amma sun kuskure wurin da sauyin zai faɗa. Kafin Allen ya rasu a haɗarin mota cikin 1979, bakansa ya riga ya rinjayi kasuwa, kuma abin da ya bayyana shi ne wahalar ba ta gushe ba, ƙaura ta yi daga damtse ta koma kan kula da kaya.

Dalili kuwa, bakan da, idan an dawo daga daji, sai a kwance masa tsirkiya a jingine shi ya huta. Shi kuwa mai gargare ba ya hutawa dare da rana, yana ɗaure cikin matsi mai tsanani, ba a kuwa iya kwance shi sai da wata na'ura ta musamman mai tanƙwara fikafikansa, abin da ya sa shagunan gyaran baka suka yaɗu a garuruwan Amurka. Bakunan farko da wayar ƙarfe aka ɗaure su, daga baya aka koma ga zaren roba mai ƙarfin gaske wanda ba ya miƙewa sosai, kuma tun daga nan ladubban kulawa suka zauna a kan ƙa'idojin da kowane malamin harbi ke karanta wa almajirinsa. Idan tsirkiya ta fara yin gashi-gashi, sai a goga mata kaki, a murza da yatsu har ɗumin hannu ya narkar da shi ya shige tsakanin zarurruka, a share ragowar, amma ba a shafa shi a wuraren da aka naɗe da zaren kariya, domin can ƙura yake tarawa. Ba a barin baka cikin rufaffiyar mota da rana, saboda zafi yana sassauta tsirkiya kuma yana raunana mannin fikafikai. Babban haramun na sana'ar kuwa shi ne a ja a saki babu kibiya a ɗane, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi sai ya koma cikin jikin bakan, tsirkiya ta tsinke, gargare ya lanƙwashe, wani lokaci har mai shi ya ji ciwo a fuska.

Akwai kuma abin da ya fi wannan laushi, wanda sai mai lura ke gani. Tsirkiya tana miƙewa kaɗan-kaɗan da yawan harbi, sai gargaren sama da na ƙasa su daina kifawa tare, kamar shanun huɗa da ɗaya ya riga ɗaya, nan take kibiya ta fara tafiya a karkace mai ita yana ta zargin idonsa. Maganin da suka samo shi ne su kafa farar takarda a kan firam, su harba ta cikinta daga 'yan taku kaɗan. Idan hudar ta fita zagayayya da sawun gashin kibiya a kewaye, baka yana kan daidai, idan kuwa ta yage sama ko gefe, to ta faɗi inda cutar take. Galibi bayan shekara biyu ko uku ana sake tsirkiya da igiyoyi gaba ɗaya ko da ba su tsinke ba, kuma tun da aka koma ga kibau na kabon, wajibi ne a lanƙwasa kowace a kusa da kunne kafin a ɗana ta, domin mai ɓoyayyen tsagu tana iya fashewa ta shige hannun da ke riƙe da baka.

Ita gasa ta mafarauta, larura ce ta haife ta. Lokacin farauta 'yan makonni ne ko watanni a shekara, hannun da ya kwana ba harbi kuwa yakan mance, saboda haka cikin 1939 wasu maharba a Kalifoniya suka kafa ƙungiyar harbin daji, inda ake bin turba cikin itatuwa ana harbin alamomi 28, wata a kan tudu, wata a gangare, mafi nisa yadi 80. Daga baya aka ƙago mutum-mutumin dabbobi na soso, ana girke su ba tare da an faɗi nisansu ba, sai kowa ya ƙiyasta da idonsa. Hikimar da ta sa ƙofar ta zama a buɗe ga sabon shiga ita ce raba 'yan takara aji-aji bisa kayan da ke hannunsu, ta yadda mai bakan farauta yana da ajinsa, ba a gwada shi da mai tabarau mai kusanto da nesa da dogayen sandunan daidaita nauyi. Abin da ake nema gare shi kawai ya cire kaifafan kawunan kibau ya sa na gwaji, ya shiga ƙungiyar unguwarsu, ya koyi tsayawa a layi da jin usur, kada kuma ya taɓa kibiya a jikin alama sai an rubuta maki. Da sanyi ya shigo sai a koma cikin zaure a nisan mita 18, kuma babban taron wannan fanni shi ne na Las Begas, inda ake harba kibiya 30 kowace rana har kwana uku, cikakken maki 900, gwanaye kuwa sukan cika shi su da yawa har sai an raba gardama da ƙarin harbi.

Hukumar harbi ta duniya, wadda aka kafa a ƙasar Poland cikin 1931, ta yi jinkiri kafin ta karɓi wannan baka, sai a 1995 a Jakarta ya shiga babbar gasarta ta fili. Sharuɗɗanta a yau su ne nisan mita 50, nauyin ja kada ya wuce fam 60, kibiya 72 a zagayen share fage. Mai karatu da ya yi Muhtasar na Shehu Halilu zai tuna cewa malaman Malikiyya sun ware wa musabaƙa babi, sun halatta ta da lada a harbin kibiya bisa sharaɗin a ayyana wurin tsayawa da abin bara da adadin samu, kuma waɗannan ne ginshiƙan da dokokin yau suka tsaya a kansu. Fannin baka mai gargare ma ya daina zama na Amurkawa kaɗai, domin a gasar duniya ta 2023 a Balin 'yan Indiya ne suka ɗauki kambin maza da na mata, yarinyar da ta ci na matan tana da shekara 17. Cikin watan Afrilu na 2025 kwamitin wasannin Olamfik ya amince da baka mai gargare, kuma za a fara harba shi a wasannin Los Anjalas na 2028, kowace ƙasa da namiji ɗaya da mace ɗaya.