Daga motar kara zuwa tashar Zungeru

Duk wanda ya tashi a Beri ko kewayen Kwantagora ya san lokacin da ake gama girbin dawa, yara su bazu gona neman kara. Da ɓawon kara da totuwarsa muke haɗa mota, mu yanka tsohon silifa mu yi taya. Wanda ya fi hannu har bodin katako yake kwaikwaya, da wurin zaman yaran mota. Amma ba mu cika ƙera jirgin ƙasa ba, don yaro abin da idonsa ya gani yake ƙerawa, kuma layin dogo bai taɓa ratsa garinmu ba.

A Turai irin wannan wasa ya zama sana'a. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya a kan dogon da ake harhaɗawa. A Ingila, Frank Hornby na Liverpool ya fara sayar da nasa a 1920. Daga baya aka tsayar da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na kashi ɗaya cikin 87, wato taragon da tsawonsa ya kai mita 20 sai ya dawo kimanin santimita 23. Da aka samu ma'auni ɗaya sai aka shiga sayar da tasha, gada da rumbun kaya a gutsure cikin kwali, mutum ya zauna a gida ya manna, ya yi fenti. Dattawa masu furfura ne suka fi yi, ba yara ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda fim ya shigo cikin lamarin. Akwai wata 'yar tasha a ƙauyen Goathland, arewacin Ingila. An yi shekaru ana nuna ta a wasan talabijin mai suna Heartbeat, sannan ta fito a fim na farko na Harry Potter a 2001. Kamfanin Hornby ya fitar da ƙaramin kwafin gine-ginenta, mutane kuma suna zuwa ganin ta asali. Haka tashar Oakworth: an rufe layinta a 1962, 'yan sa-kai suka sake buɗe shi a 1968, fim ɗin The Railway Children na 1970 ya jawo mata baƙi. Ginin da aka ɗauka a fim, aka kuma ƙera kwafinsa, da wuya a wayi gari a rushe shi ba wanda ya ce uffan.

To mu fa? Jirgin ƙasa na farko a Arewa a jiharmu ya yi tafiya. A 1901, shekarar da sojojin Lugard suka ci Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, Turawa suka shimfiɗa wani siririn dogo tsakanin Wushishi da Zungeru, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Dalili kuwa kaya ne. Jirgin ruwa yana hawowa kogin Kaduna, amma ba ya iya kaiwa Zungeru, inda Lugard ya zaɓa ya zama hedikwata. Da aka ga ruwan Wushishi ma yana janyewa da rani, sai aka ja dogon zuwa Barijuko a 1902.

Bai daɗe ba. Gwamna Girouard, wanda asalinsa injiniyan dogo ne, ya fara babban layi daga Baro a 1907, ya bi ta Minna, ya isa Kano a 1911. Layin Legas kuma ya hawo ta Jebba da Zungeru ya haɗe da shi a Minna. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragu. Ƙaramin dogon Wushishi ya zama ba shi da aiki, aka kwashe kayansa aka yi amfani da su a layin Zariya zuwa Jos. Kan jirgin nan na farko an ajiye shi a tashar Minna. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta gaban tashar ba mu taɓa leƙawa ba.

Zungeru ma haka ta faru da ita. Da hedikwata ta koma Kaduna, garin da aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904 ya koma gefe. Hatta gadar ƙafa ta Lugard sai da aka ciro ta aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji. Abin da ya rage na gine-ginen wancan zamani yawanci kango ne, ciyawa da damina suna ci kowace shekara. Ba muna kewar mulkin mallaka ba ne, kakanninmu ne suka yi aikin tilas a kan waɗannan layuka, suka ɗauki ƙarfe a ka. Don haka ma muke ganin tarihin namu ne.

Masu shirya finafinan Hausa sun fi son gidajen alfarma na Kano da Abuja, ba mu ga laifinsu ba, kasuwa suke bi. Amma ƙera kwafi ba ya buƙatar jiran kowa. Malamin firamare ɗaya da ɗalibai goma, da igiyar awo da wayar ɗaukar hoto, za su iya zuwa Zungeru ta Tegina su auno tasha da gadar dogo. In sun dawo, kowace mita ɗaya ta zama ɗan abin da ya ɗara santimita ɗaya. Kwali zai yi bango, gwangwanin madara ya yi rufin kwano, waya ta yi dogo. Kara kuwa, da an gama girbi ga shi nan a gona kyauta.