Daga Sassaƙe Zuwa Allura: Tarihin Kwinin da Gwajin Magani



Watakila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan magani, alhali ga masana harhaɗa magunguna a zaune. Hanzarina shi ne tarihin da zan kawo ya ratsa ta kogin Kwara, kuma a cikinsa har da ɗaya daga cikin Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko. Tambayar da nake so mu riƙe kuwa ita ce: ta yaya ake tabbatar da cewa magani yana aiki, kuma ya fi ɗan'uwansa? Zan bi ta kan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ya daɗe a hannun 'yan Adam har ya ga kowane mataki.

Asalin kwinin sassaƙe ne. Akwai wani itace a duwatsun Andis na Amurka ta Kudu, wanda Turawa suka raɗa wa suna sinkona. Wajen 1630 limaman Kirista 'yan ɗariƙar Jizuwit suka fara kai garin ɓawonsa birnin Rum, inda zazzaɓin fadamu ke kashe manya da ƙanana. Kusan shekara ɗari biyu ana daka ɓawon nan, a jiƙa shi cikin ruwa ko giya a sha, kamar dai yadda muke yi da sassaƙen maɗaci. Yana warkarwa, amma ba kullum ba. Itacen iri-iri ne, wani ɓawonsa na da ƙarfi, wani kuwa ɗacin kawai gare shi. Daɗin daɗawa 'yan kasuwa suna yin algus da ɓawon wasu itatuwa. Saboda haka in majinyaci ya rasu, likita ba ya iya cewa maganin ne ya kasa, ko kuwa abin da aka ba shi ne ba magani ba. Wannan ita ce matsalar kowane jiƙo da tsimi har gobe.

A 1820 wasu masana biyu a birnin Faris, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon har suka ware sinadarin da ke aikin, suka kira shi kwinin, daga kalmar kina, watau sunan ɓawon a bakin mutanen Feru. Ba su ɓoye dabarar ba, sun buga ta kowa ya gani. A nawa ganin babbar kyautar da suka yi wa duniya ita ce awo. Daga ranar likita na iya ɗora magani a kan sikeli, ya rubuta abin da ya bayar, wani likita a wata ƙasa ya ba da daidai wannan, su gwada sakamako. Abin sha'awa, duk wannan an yi shi ba a san mafarin cutar ba, ana zaton mugunyar iskar fadama ce. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 kuma Ross ya same ta cikin hanjin sauro a Indiya.

To, mu gangaro gida. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen tururi uku su hau Kwara, da niyyar ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi da sarakunan bakin kogi, su kuma kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen da Lakwaja take. Turawan ciki sun kai kimanin 150. Ba su yi wata guda cikin kogin ba zazzaɓi ya auka musu, fiye da arba'in suka mutu, sauran aka juyo da su a jigace. Akwai kwinin a jiragen, amma a zamanin likitoci sun fi amincewa da zubar da jini, irin aikin ƙaho, da wani maganin zawo mai zaiba. Kwinin sai zazzaɓi ya fara sauka ake ba da shi, kaɗan kaɗan. Cikin waɗanda suka tsira akwai Samuel Ajayi Crowther da wani limami Bajamushe, Schön, wanda ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843, da ƙamus a 1876. Mu 'yan Sashen Hausa muna da rabo a cikin wannan tafiya, ko da yake ta zama abin takaici ga masu ita.

Bayan shekara goma sha uku, a 1854, aka sake aiko wani jirgi guda mai suna Pleiad. Wanda aka naɗa shugaba ya rasu tun ba a shiga kogi ba, ragama ta faɗa hannun likitan jirgin, Dakta Baikie. Shi kuwa ya bi shawarar da wani likitan sojan ruwa, Bryson, ya riga ya bayar, cewa kada a jira zazzaɓi, a sha kwinin kullum tun ana lafiya. Turawa goma sha biyu ne, da 'yan Afirka hamsin da huɗu. Suka hau Binuwai har ƙasar Muri, suka yi kusan wata huɗu, suka komo ba a rasa rai ko ɗaya ba.

A nan nake so ɗalibai su yi tsai da hankali. Littattafai da yawa suna kawo tafiyar Baikie a matsayin hujja yankakkiya. Da ɗalibi zai kawo ta a yau da sunan bincike, da an mayar masa da takardarsa. Mutum goma sha biyu sun yi kaɗan. Babu wani rukuni a jirgin da aka bari ba kwinin balle a kwatanta. Jirgin daban ne, shekarar daban, inda suka yada zango daban. Abin da ya sa aka gaskata shi ne tazarar da ke tsakanin gawa arba'in da babu ko ɗaya ta yi faɗin da ba ta bukatar lissafi, gani ya kori ji. Amma irin wannan sa'a ba kasafai ake samunta ba. Yawancin magunguna bambancin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne, idon likita ɗaya ba ya ganinsa.

Abin da ya biyo baya kun sani. Baikie ya dawo ya zauna Lakwaja, har ya ziyarci Kano a 1862. A Lakwajar nan Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900, a 1903 aka ci Kano da Sakkwato. Ban ce kwinin ne ya ci ƙasar Hausa ba, akwai bindiga mai ruwa, akwai jirgin tururi, akwai rarrabuwar kawunanmu. Sai dai matacce ba ya harba bindiga.

Da bukata ta ƙaru, dazuzzukan Andis suka fara ƙarewa. A 1865 wani mutumin Bolibiya, Manuel Incra Mamani, ya tara wa wani ɗan kasuwa Bature mai suna Ledger irin wani sinkona da ya fi kowane ƙarfi. Mutanen Holan suka sayi laba guda suka shuka a tsibirin Jawa, kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi 90 cikin ɗari na kwinin duniya daga can yake fitowa. An sa wa itacen sunan Ledger. Mamani kuwa an kama shi a 1871, aka yi masa dukan da ya yi ajalinsa.

A 1942 Jafan ta kame Jawa, sojojin ƙawance suka wayi gari ba kwinin. Amurka ta duƙufa, ta gwada sinadarai wajen 14,000. Wanda ya yi zarra, watau kulorokwin, ashe wani Bajamushe, Andersag, ya riga ya harhaɗa shi tun 1934 a kamfanin Bayer, aka ajiye shi bisa zaton ya cika guba. Gaggawar yanke hukunci ta ɓatar da fiye da shekara goma. Wani ɓangare na gwaje-gwajen lokacin an yi shi ne a kan fursunoni a kurkukun Stateville, ana sa musu sauro mai cuta ya cije su. An ce da yardarsu, amma ina bar muku ku auna nauyin yardar wanda ke kulle. Dattawan da ke nan za su tuna kulorokwin da ƙaiƙayinsa, wanda ya fi addabar baƙar fata, bai cika damun Turawa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin a gwada magani a cikin mutanen da za su sha shi. Daga ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar cutar ta fara bijire masa a Asiya da Amurka ta Kudu, a 1978 bijirewar ta iso Afirka ta Gabas, a 2005 Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko.

Magajinsa ma daga tsiro ya fito. A 1967, ana cikin yaƙin Biyetnam, ƙasar Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman sabon magani. Wata masaniya, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan magabata tana tattara laƙanoni, tana gwada su a kan ɓeraye. Wani ganye, ɗan'uwan tazargaden da muka sani, yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta lura da wani littafi na ƙarni na 4, na wani malami Ge Hong, wanda ya ce a jiƙa ganyen a matse, bai ambaci tafasawa ba. Ta gane zafi ne ke kashe sinadarin. A 1971 ta tace shi ba da wuta mai yawa ba, samfur na 191 ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus. Ku lura da lambar, 190 sun gabace shi. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. An ba ta kyautar Nobel a 2015. Masu cewa maganin gargajiya shirme ne su dubi wannan, masu cewa ba ya bukatar gwaji su ma su duba.

Saura tambaya guda. Yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani, yana suma ko jijjiga, ba ya iya haɗiyar ƙwaya, sai allura. Wace za a yi masa, kwinin da aka saba da shi, ko atesunet da aka samo daga ganyen nan na Sin? Likitoci da yawa sun tsaya a kan kwinin, domin sun ga ya ceci yara da idonsu. Amma tun 1948, lokacin da aka gwada maganin tarin fuka a Ingila bisa tsarin Bradford Hill, an san hanyar raba irin wannan gardama: a jefa ƙuri'a. Likita ba shi zai zaɓi wanda zai sami wannan ko wancan ba, don kada zuciyarsa ta karkata ya ba masu sauƙi maganin da yake so.

Haka aka yi a asibitoci goma sha ɗaya na ƙasashen Afirka tara, har da na Ilori, da iznin iyaye, aka buga sakamako a 2010. Yara 5,425 aka raba gida biyu. Cikin 2,713 da aka yi wa kwinin, 297 suka rasu. Cikin 2,712 da aka yi wa atesunet, 230 suka rasu. Watau kashi 10.9 cikin ɗari a can, 8.5 a nan. Babu likitan da zai iya ganin wannan rata a ɗakin majinyatansa, ko da ya shekara talatin yana aiki, amma yara 67 ne a gwaji ɗaya. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba ga yara masu tsananin zazzaɓi, kwinin ya koma na jiran ko-ta-kwana, inda ba a sami wancan ba.