Daga Dogon Kiɗa Zuwa Waƙar Soyayya: Sauyin Salon Ƙungiyoyin Makaɗa Tsakanin Jenowa da Alƙahira, 1967–1985

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun wasu makaɗa da suka fara da jita mai lantarki da dogayen kiɗe-kiɗe, suka ƙare da gajerun waƙoƙin soyayya masu taushi. An ɗauki Italiya a matsayin ma'auni, domin a can ne sauyin ya fi fitowa sarari, sannan aka mayar da hankali kan Alƙahira, inda zaren labarin ya taso daga otal-otal na masu hali ya dire a unguwar Ainu Shams. Abin da ake son nunawa shi ne, sauyin ya biyo bayan canjin wanda ke biyan makaɗi da kuma na'urar da ake sauraronsa da ita.

1.0 Ma'aunin Italiya

A shekarar 1971 wata ƙungiya daga birnin Jenowa mai suna New Trolls ta fitar da faifan Concerto Grosso tare da mawallafin kiɗa Luis Bacalov. An gina shi ne bisa tsohon tsarin kiɗan Turai na ƙarni na 17 da na 18, inda ƙaramin gungu ke yin faɗa, babban gungu na masu goge yana amsawa. Sai dai a nan jita mai lantarki da ganguna da sarewa ne suka tsaya a gurbin ƙaramin gungun. Wannan shi ne salon da aka sani da rok mai dogon zango: kiɗa ɗaya yakan ci rabin faifai, kari yana sauyawa sau da yawa, muryar mawaƙi kuma ba ta fi sauran kayan kiɗa daraja ba. Bayan shekara bakwai, a 1978, ƙungiyar ta fitar da Aldebaran, wanda aka fi tunawa da shi saboda wata waƙa mai sanyi, Quella carezza della sera, da aka rera da siraran muryoyi masu hawa kan juna.

Labarin wata ƙungiyar ta Jenowa ya fi wannan tsanani. Jet ta fitar da faifai mai nauyin kiɗa a 1972. A 1975 uku daga cikin 'ya'yanta suka haɗu da zabiya Antonella Ruggiero da makaɗin ganguna Giancarlo Golzi, wanda shi ma daga wata ƙungiyar dogon kiɗa ya fito, suka raɗa wa kansu suna Matia Bazar. A 1978 suka lashe gasar waƙa ta Sanremo, dandalin da masu dogon kiɗa suka daɗe suna yi wa kallon kasuwar tarkace.

Masoyan tsohon salo suna kiran wannan da cin amana. Amma yanayin ƙasar bai bar wa makaɗan zaɓi mai yawa ba. Taron kiɗa ya zama fagen rikici, domin wasu matasa masu ra'ayin gurguzu sun dage cewa kiɗa na kowa ne, ba za su biya kuɗin shiga ba. An tashi taron Led Zeppelin a Milan da hayaƙi mai sa hawaye a 1971, aka jefa wuta a dandamalin Santana a wannan filin a 1977. Tsadar mai ta 1973 ta ƙara kuɗin yawo da motocin kaya. Sannan a watan Yulin 1976 kotun tsarin mulki ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu a matakin gari, waɗanda ke rayuwa da talla, kuma kiɗan minti ashirin ba ya shiga tsakanin talla biyu.

2.0 Gida biyu a Alƙahira

Masar ba ta yi ƙungiyar da za a ce ita ce takwarar New Trolls sak ba. Abin da Italiya ta haɗa a jiki ɗaya, wato dogon kiɗa na babban gungu da kuma jita mai lantarki, a Alƙahira raba shi aka yi tsakanin gida biyu da ba su cika gaisawa ba.

Gida na farko shi ne na Ummu Kulsum da Abdulhalim Hafiz. A nan ne tsawo yake. Ummu Kulsum takan yi taronta a Alhamis ta farko ta wata a lokacin kakar wasanninta, rediyon gwamnati yana yaɗawa kai tsaye, waƙa ɗaya kuma takan kai awa guda ko fiye. Mabuɗin kiɗa kaɗai, kafin a ji murya, yakan ɗauki mintuna da yawa. Masu goge sun cika dandamali, ga ƙanun da udu da sarewa. Wannan gida yana da ubangida sananne: gwamnati, ta hannun rediyo da talabijin da kamfanin faifai na Sautul Ƙahira, wanda ya samo asali daga kamfanin Muhammad Fauzi da aka ƙwace a 1961. Kwamitin sauraro na rediyo ne ke yanke wanda za a ji da wanda ba za a ji ba.

Gida na biyu na samarin da suka tashi a makarantun Faransanci da Ingilishi ne. Fitacciyar ƙungiyarsu ita ce Les Petits Chats, wato 'Yan Kyanwoyi, wadda Wajdi Faransis ya jagoranta daga wajajen 1967, shekarar da Masar ta sha kashi a yaƙin kwana shida. Waƙoƙin wasu suke maimaitawa, da Ingilishi da Faransanci da Italiyanci, a otal-otal da kulob-kulob na Alƙahira, da bazara kuma su koma Iskandariya. Ba a ƙirga su cikin mawaƙan ƙasa ba, amma jerin waɗanda suka ratsa ta cikinta ya isa a tsaya a duba: Umar Khurshid a jita, Umar Khairat a ganguna, Izzat Abu Auf da Hani Shanuda a fiyano mai lantarki, Subhi Bidair a murya.

Katangar da ke tsakanin gidajen ta fara tsagewa ne daga ɓangaren manya. Tun a 1964 Muhammad Abdulwahhab ya saka jita mai lantarki a mabuɗin Inta Umri. Daga baya Khurshid ya shiga gungun Abdulhalim, ya kuma yi wa Ummu Kulsum kiɗa. Majdi al-Husaini da Hani Mihanna suka shigo da ogan. Dogon kiɗa ya ari kayan samarin, ya ba kowannensu 'yan daƙiƙu ya nuna gwaninta, ba tare da ya rage tsawonsa ba.

Sai mutuwa ta yi shara cikin shekara uku. Farid al-Atrash ya rasu a Disambar 1974, Ummu Kulsum a Fabrairun 1975, Abdulhalim a Maris 1977. Tun kafin rasuwar na ƙarshen alama ta nuna: a taron da ya rera Ƙari'atul Finjan a 1976, wasu daga cikin 'yan kallo sun dame shi da fito da hayaniya har ya katse ya yi musu faɗa. Ko mene ne musabbabin abin da ya faru a daren, haƙurin zama awa guda don waƙa ɗaya ya fara ƙaranci.

3.0 Kaset da sabon ubangida

Manazarcin waƙar baka ta Hausa ya saba da tambaya guda kafin ya shiga jigo da salo: wane ne ubangidan makaɗin? Tambayar tana aiki a Alƙahira kamar yadda take aiki a fadar Isa ko ta Maradun. Daga 1974 Shugaba Anwar Sadat ya buɗe ƙofar tattalin arziki, manufar da aka sani da Infitah. Ma'aikata suka bazama Libiya da Iraƙi da ƙasashen Tekun Fasha, suna dawowa da rakoda a hannu. Kaset ba ya bukatar izinin kwamitin sauraro. Ahmad Adawiyya, wanda rediyo ya juya wa baya, ya cika motocin haya da shagunan birni ta wannan hanya, kamar yadda Andrew Simon ya yi bayani a littafinsa na 2022 kan tarihin kaset a Masar. Rakodar da ke kunna Adawiyya ita ce kuma ke kunna wa'azin Shaihu Abdulhamid Kishk, wanda ba ya ragawa mawaƙa a huɗubarsa.

Ainu Shams na cikin unguwannin da suka cika suka batse a wannan zamani. Tana arewa maso gabashin Alƙahira, a kan kufan tsohon birnin rana na Fir'aunoni, kuma tana maƙwabtaka da Misrul Jadida, unguwar da attajirin Beljiyam Baron Empain ya fara ginawa a 1905. Tazarar ƙafa kaɗan ce, tazarar aljihu kuwa mai nisa. Baƙi daga karkara da ƙananan ma'aikata suka yi ta gina benaye a kan gonaki. Saurayin da ke nan ba ya shiga otal ɗin da 'Yan Kyanwoyi ke wasa, ba ya jin Faransanci, amma yana da kuɗin kaset ɗaya, kuma irinsa sun fi a ƙirga.

Hani Shanuda ne ya fara fahimtar lissafin. Ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa marubuci Najib Mahfuz ne ya ƙalubalance su kan dalilin da ya hana su yin irin wannan kiɗa da harshen ƙasarsu. A 1977 ya kafa ƙungiyar Al-Misriyyin. Waƙoƙinta gajeru ne, da Larabcin titi, muryoyin maza da mata suna tafiya tare a matakai daban-daban, abin da waƙar Larabci ta gargajiya ba ta saba da shi ba. Shahararren mawaƙin baka da zane Salah Jahin ya rubuta musu baitoci, wanda hakan ya rufe bakin masu cewa wasan yara ne. A shekarar ce kuma Shanuda ya tsara kiɗan kundin farko na Muhammad Munir, a 1983 kuma ya yi aiki a kundin farko na Amru Diyab. Da wuya a sami hannu ɗaya da ya taɓa mafarin manyan mawaƙa biyu irin haka.

Izzat Abu Auf, likita ne da ya ajiye aikin asibiti, ya bi wata hanyar. Ya tara ƙannensa mata huɗu, Muna da Maha da Manal da Mirfat, ya kira ƙungiyar 4M. Sun yi sababbin waƙoƙi masu raha, suka kuma sake ɗinka tsofaffi da kayan lantarki, ciki har da Al-Laila al-Kabira ta Jahin da Sayyid Makkawi. A farkon shekarun 1980 ya ɗauko wani saurayi da ya tashi a Ainu Shams, Muhammad Fu'ad, ya saka shi cikin ƙungiyar. Fu'ad bai daɗe ba ya ware, ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan soyayya na ƙarshen ƙarnin, da murya mai raunin zuciya wadda ta dace da direban tasi da ɗalibar jami'a baki ɗaya. A nan zaren ya cika: ƙungiya mai sunan Faransanci ta haifi ƙungiya mai waƙar Larabci, ita kuma ta miƙa makirufo ga ɗan unguwar da a da ba ya cikin lissafi. Fim ɗin Isma'iliyya Rayih Jai na 1997, wanda Fu'ad ya ja ragamarsa a matsayin talakan da ya zama mawaƙi, ya mayar da irin wannan tafiya labarin da ya cika gidajen sinima.

4.0 Abin da aka riƙe da abin da aka saki

Ba daidai ba ne a ce gwaninta ta ɓace. Wanda ya saurari yadda aka jera muryoyi a kundin Al-Misriyyin, ko yadda New Trolls suka yi nasu a 1978, zai ji hannun mutanen da suka san ilimin kiɗa. Sun matse shi ne cikin minti huɗu. Abin da aka yi asara ya fi wannan zurfi. Na farko shi ne lokacin da kayan kiɗa ke magana su kaɗai, babu murya. Na biyu, kuma shi ya fi ciwo, ita ce ƙungiyar kanta. Gajeriyar waƙar soyayya tana bukatar fuska ɗaya a bangon kaset, wadda mai saye zai ɗora wa begensa. Al-Misriyyin da 4M duk sun watse daga baya, Abu Auf ya koma wasan fim har ya shugabanci bikin fina-finai na Alƙahira. Lokacin da Hamid al-Sha'iri ya mamaye situdiyo da injin ganga da tafi, musamman bayan Lulaki ta Ali Himaida a 1988, mutum ɗaya da na'ura ya wadatar a inda a da sai shida. Mai karatu a Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: ya ga yadda fiyano ɗaya a situdiyo ya maye gurbin makaɗan kalangu da 'yan amshi a waƙoƙin fim daga ƙarshen shekarun 1990, ya kuma ji irin zargin lalata al'ada da ya biyo baya.

Mutum ɗaya ya yi tafiyar a juye. Umar Khairat ɗan gidan kiɗa ne. Baffansa Abubakar Khairat ne shugaban farko na makarantar koyon kiɗa ta Alƙahira da aka buɗe a 1959, shi kuma ya koyi fiyano a hannun wani malami ɗan Italiya, Vincenzo Carro. Ya ajiye sandunan ganga a 1971. A 1984 ya rubuta kiɗan fim ɗin Lailatul Ƙabdi ala Fatima, wanda aka fitar a kaset, babu kalma ko ɗaya a ciki, jama'a kuma suka saya. Wannan ya raunana hujjar masu cewa kunnen talaka ne ya kashe babban gungu. Khairat ya sami ubangidan da zai iya biyan masu goge arba'in, wato fim da wasan talabijin, daga baya kuma gidan opera da aka buɗe a 1988. Abokansa ba su samu ba.

Tsofaffin 'Yan Kyanwoyi sun sake haɗuwa a dandamali a 2010, Sharif Nakhla ya yi fim a kansu wanda ya fito a 2015. A 2017 wani ƙaramin kamfani a Balin, Habibi Funk, ya tattara wasu waƙoƙin Al-Misriyyin daga kaset ya buga su a faifan garmaho don masu saye a Turai, irin faifan da kaset ya kora daga kasuwar Alƙahira shekaru arba'in kafin nan.